Takalman Maigida

"Ki ɗauke su daga gabana," in ji mijinta.

Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta kakkaɓe ƙurar takalman da burushi, ta shafa mai, ta bi da tsumma har fatar ta ɗauki sheƙi. A kan na dama ta fi daɗewa, don da shi ya saba shurin ta a haƙarƙari.

Uwar mijin ta leƙo, ta ce da matar ɗanta, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Samun irinki sai an tona."

"Umarninsa ne, Mama. Ya ce kullum sai ya ga fuskarsa a jikinsu."

Ta jera su a kan bargo, daidai inda ƙafafunsa suke kafin likita ya yanke su.