Mai Jinyar da Aka Ce Ta Cika Ƙyama

Tunda gobe kai za ka karɓi ƙanwarka a jinyar Baba, ajiye ledar nan ka ba ni kunnenka.

An yi wani mai haƙar rijiya da gefen rami ya rufto masa, ƙafarsa ta yi mummunar karaya, har sai da likitoci suka tsaga suka sa ƙarfe. Matarsa ce ta zauna jinya. Mace ce mai sakin hannu, irin waɗanda ko lomar bakinsu ka roƙa sai su ciro su ba ka, don haka zaman asibiti bai yi mata wuya ba. Ka dai san halinmu: kwano ɗaya, buta ɗaya, tawul ɗin wannan shi ne na wancan. To, a gadon da ke kusa da nasu akwai wani dattijo mai tallan goro, da ciwo a ƙwauri wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. An canza masa magani, an sake canzawa, ruwa bai daina tsattsafowa ba. Ta tambayi ma'aikaciyar da ke wankin ciwo, aka ce mata ƙwayar cutar ce ta ƙware. Shekara da shekaru mutane suna shan kafso kamar gyaɗa, ciwon kai kafso, mura kafso, da an ji dama-dama a watsar da sauran, har ƙwayoyin da suka tsira suka hayayyafa, suka daina jin magani. Asibiti ne matattararsu, kuma a hannun mutane suke tashi daga wannan gado zuwa wancan. Matar nan ta dubi ƙafar dattijo, ta dubi ɗanyen ɗinkin da ke ƙafar mijinta. Da ƙafar nan ake ci a gidansu, gurgu kuwa ba ya shiga rijiya.

Daga ranar ta ware tawul ɗinsu da butarsu. Ba ta daina dama wa dattijo kunu ba, ba ta daina tayar da shi zaune ba, amma ba ta ƙara taɓa mijinta sai ta wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu. Masu dubiya in sun gama zagaya gadaje suna miƙa hannu, sai ta tare su da buta da sabulu, ta kuma hana kowa ɗaga bandeji ya leƙa. Wan mijin ya zo da kafso zai fasa ya barbaɗa a ɗinkin, ta tsaya a gabansa ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, sai abin da likita ya rubuta, shi ma sai ya shanye shi duka." Kai, ta sha gori! Wannan ya ce ta cika ƙyama, wancan ya ce tun da aka sa wa mijinta ƙarfe ta zama Baturiya. Wallahi abin ya ƙona mata rai, har takan zagaya bayan ɗaki ta yi kukanta, don ba abin da ta tsana irin a ce ta wulaƙanta mutum. Sai ta share hawaye ta dawo ta ɗauki sabulunta. Ba a daɗe ba ciwon wani direba da ke can gefe, wanda ke goge jiki da tawul ɗaya da dattijo, ya fara wari, maganin da aka saba ya kasa, aka ɗage sallamarsa. Dattijo kuwa, bawan Allah, sai da aka yanke ƙafar. Ɗinkin mai haƙar rijiya ya bushe tsaf, ya fita yana dogara sanda, kafin rani ya ƙare ya koma bakin rami da igiyarsa.

Saboda haka gobe ka yi zumunci, ka taimaki na kusa da ku, amma sabulu kada ya bar hannunka, ko wa zai ji haushi. Hausawa suka ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.