Katangar Rabe

Yuguda ya ɗauki sanda, ya bi sawun matarsa Hadijatu. Tun da cikinta ya shiga wata biyar, kullum da la'asar sai ta sulale bayan gidan Rabe, gwauron maƙwabcinsu a Jekadafari, ta dawo tana goge baki tana murmushi. Zargi ya hana shi sakat. Shi da ya narkar da kuɗin ƙarin albashin Udoji ya gyara mata gida, sakayyarsa ke nan?

Yana shan kwana ya tarar da ita tsugune, tana ɓantarar jar ƙasar katangar Rabe tana kaiwa baki.

Ta ɗago, ko gezau. "Malam, cikin ne ke so. Tamu ma ta fi daɗi, kai ka shafe ta da siminti."