Tambayar da Saadatou Ta Haɗiye

Kwana shida ke nan Alhaji Saïdou yana kwance a wani asibiti a Libreville, da robar iska a hancinsa. Murar nan mai tsanani da ta zagaye gari ce ta sauka masa a ƙirji. Ɗansa Ikirama direban babbar mota ne, yana can cikin daji ɗaukar katako, saboda haka jinya ta faɗo kan matar ɗan, Saadatou.

Tsoho ya shekara talatin yana sayar da kayan gyaran mota a unguwar Oloumi, amma faransancinsa bai wuce na ciniki ba. Saadatou kuwa a nan aka haife ta, a nan ta yi boko, don haka ita ce bakinsa a gaban likita. Yarinya ce mai tarbiyya, ko ido ba ta haɗawa da surukinta. Kowa a unguwarmu yana yabon kunyarta, har da ni.

Ran kwana na bakwai gudawa ta fara. Tsoho ya riƙa lallaɓawa bayi yana dafa bango, sau takwas kafin la'asar. Wani wari mai ɗaga hankali ya cika ɗakin. Wandon da ya ɓaci sai ya cusa a leda ya tura ƙarƙashin gado, ita kuma ta ɗauke ta wanke. Shi bai faɗa ba, ita ba ta nuna ta gani ba.

Da safe likita ta zo zagaye, ta ce da faransanci, "Kwana bakwai yana kan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Tambaye shi, yaya bayan gidansa? Yana gudawa?"

Saadatou ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita, ta tambayi uban mijinta bayan gida? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, wai ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi, 'yata."

Ta juya ta ce, "Ça va, docteur. Ya ce lafiya lau."

Da rana ta fita farmasi ta sayo ƙwayar tsayar da gudawa, ta ajiye kusa da kofin kununsa. "Baba, a haɗa da wannan." Bai tambaya ba, ya sha. Washegari gudawa ta ɗauke ɗif. Saadatou ta yi ajiyar zuciya, a ganinta ta rufa wa tsoho asiri.

Amma cikin ya fara tashi. Kwana biyu ya yi tauri kamar ganga, zazzaɓi ya rufe shi, leɓɓansa suka bushe. Ko mayafi ya taɓa cikin sai ya yi nishi. Mutumin gadon kusa, wanda suke shiga bayi ɗaya, shi ma ya fara zarya.

Likita ta danna cikin, fuskarta ta sauya. "Madame, faɗa mini gaskiya."

Saadatou ta fashe da kuka, ta fito da kwalin maganin daga jaka.

Likita ta duba kwalin ta ce, "Maganin da muke ba shi don ƙirji yakan kashe ƙwayoyin kirki da ke cikin hanji, sai wata muguwa ta samu fili. Gudawar ce alamarta, shi ya sa na tambaya. Da kin faɗa, da mun gwada, mun sauya magani, mun ware shi. Kin toshe ƙofa, dafin ya taru a ciki."

Aka garzaya da shi ɗakin tiyata. Ƙirjin da ya kawo shi asibiti ya riga ya warke, amma hanji ya ruɓe. Bai farfaɗo ba.

Ikirama ya iso ana shirin wankan gawa, da ƙurar hanya a jikinsa. Ya dubi matarsa ya ce, "Kullum na kira kina ce mini da sauƙi. Me ya faru da Baba?"

Ta rufe fuska da gyalenta. Wallahi ta ba ni tausayi, ta kuma ba ni haushi.

Jama'a, kunya abu ne mai kyau, amma ba a gaban likita ba. Idan wanda kuke jinya ya fara gudawa a asibiti, ku faɗa nan take, ku wanke hannu da ruwa da sabulu, kuma kada ku ba shi maganin da likita bai rubuta ba.