Kwalin Littattafan Bompai

Kwalin ya iso Challawa ne a bayan a-kori-kura, da rakiyar mata shida cikin anko da mai ɗaukar hoto guda. An naɗe shi da salatif kamar za a kai shi ƙasar waje, an kuma rubuta a gefensa da manyan baƙaƙe: KYAUTAR MUJALLU DA LITTATTAFAN IBADA.

Malam Yohanna ne ya karɓa. Shi ne katikis, mai koyar da addini a 'yar cocin Katolikan da ke bayan kamfanonin fata. Wannan aikin Lahadi ke nan. Sauran kwanaki shi ma yana cikin kamfanin yana wankin fata.

Madam Talatu, shugabar zumuntar matan babbar cocin Bompai, ta yi jawabin minti arba'in. Ta ce mako uku ana sanarwa kowa ya kawo tsofaffin mujallunsa, mutane na ta cewa sun manta, amma Allah bai kunyata ta ba, ana gobe za a taho kwali ya cika.

"Malam, kada ku yi gaggawa," in ji ta da za su tafi. "Littafi ba ya son ƙasa. Sai kun yi kanta tukuna ku buɗe."

Kanta ba ta samu ba. Cocin da rufinta ke yoyo ina ta ga kafinta? Kwali ya zauna bayan ƙofa, 'yan waƙa suka mai da shi wurin ajiye ganga. Jama'ar kuwa daga bakin inji suke zuwa sujada, rabinsu kan yi gyangyaɗi tun kafin a kai ga wa'azi.

Bayan wata biyu aka aiko daga Bompai ana son rahoto. Yohanna ya zauna lokacin hutun cin abinci da niyyar rubuta godiya layi biyu, sai biro ya ɗauke shi. Ya ce ma'aikata har rige-rigen mujallun suke yi. Ya ce wani mashayi ya karanta tarihin wani waliyyi, ya tashi ya zubar da giyarsa a kwata. Aka karanta wasiƙar a Bompai, aka tafa, aka ba Madam Talatu takardar yabo cikin gilashi. Ko sau ɗaya ba ta tambaye shi wane littafi ne ba, shi kuwa ya ga dattakunta.

Daga nan kwalin ya zame masa ƙaya. Ko kallonsa ba ya son yi. Sai ya yi dabara, ya ce alheri ba ya tsayawa hannu ɗaya, ya kai shi kyauta ƙaramar cocin Sharada. Can ma aka yi jawabi, aka ɗauki hoto. Uwani, mai kula da cocin, ta rubuta nata rahoton, ta ninka nasa: miji da mata sun shirya bayan shekara uku ba sa ga-maciji, wata kuma ciwon kanta ya tafi tana shafi na tara.

Ana cikin haka aka kawo wa cocin Bompai sabon limami, Fada Bulus, mutum mai son karatu kamar me. Ya karanta wasiƙun biyu, suka shiga ransa. Ya ce ranar bikin godiyar kaka a kawo kwalin Bompai, Malam Yohanna da Uwani su ɗauko littattafan da suka yi wannan aiki, su karanta wa jama'a.

Yohanna ya yi mako guda abinci ba ya masa daɗi. In asiri ya tonu, aikin katikis ya tafi, ɗakin bayan coci da yake zaune da iyalinsa ya bi shi. Ga yaran da yake koya wa cewa ƙarya zunubi ce.

Ranar ta zo, coci ta cika har waje. Aka ajiye kwalin gaban bagadi. Yohanna ya dubi salatif ɗin, ya ga ko ƙwarzane babu. Ya dubi Uwani, ta sunkuyar da kai.

Fada ya zaro mabuɗin motarsa ke nan zai yanke salatif da shi, Madam Talatu ta miƙe.

"Fada, da an bar shi a rufe. Mutanen cocin Ɗorayi na jiransa, rana kuma ta yi. Shaidar bayin Allah nan ai ta isa."

Ta ƙarasa ta ɗora jakarta a kai. Idon Yohanna ya ciko. Wato baiwar Allah ta gane, rufa masa asiri take yi a gaban jama'a. Kunyar wannan ce ta fi ƙarfinsa. Ya miƙe.

"Fada, ku gafarce ni. Ban taɓa buɗe shi ba. Yadda Madam ta kawo, haka na kai Sharada."

"Ni ma," in ji Uwani, murya ƙasa-ƙasa.

Fada ya dube su, sannan ya ɗauke jakar ya miƙa wa mai ita.

"To, yau sai mu fara karatun tare."

Ya yanke salatif, ya zura hannu har ƙasa yana lalube, ya ɗago abin da ya samu yadda kowa zai gani. Daga bakin kwalin har gindinsa ragowar kalandun neman ƙuri'a ne na zaɓen zumuntar mata, kowace ɗauke da hoton Madam Talatu tana murmushi, a ƙasa an rubuta: ZAƁI TALATU, MAI GASKIYA DA RIƘON AMANA.