Wanda Ya Fi Kowa Makara

Manaja ya tura ƙofa da ƙafa, ya tsaya a bayan kujerarta. Ɗakin kwamfutar dama ɗan ƙuƙut ne, in baƙo ya shigo sai dai ya tsaya.

"Za a rage ma'aikata," in ji shi. "Ciro min waɗanda suka fi kowa makara a kamfanin nan. Yanzu, ina kallo."

Ita ce mai kula da rumbun bayanai, inda na'urar bakin ƙofa ke zuba lokacin isowar kowa. Ta rubuta umarnin, ta danna. Sunaye suka jeru. Ga yayanta direba a ciki, mutumin da ke kai matarsa wankin ƙoda kafin ya zo aiki, wanda ya yi ɗawainiyar karatunta har ta samu wannan kujerar.

Goge suna ba zai yiwu ba, numfashin manaja na kan wuyanta. Fita ma babu hanya, tumbinsa ya tare ƙofar.

"Yallaɓai," ta ce, "kusan duk direbobi ne fa. Gobe wa zai ja motocin? A ɗauki ɗaya daga kowane sashe mana, ya fi adalci."

Ya shafa gemu. "Zai yiwu?"

Zai yiwu kuwa. Akwai dabarar da masu sana'ar ke kira taga: a raba ma'aikata sashe-sashe, kwamfuta ta leƙa kowane sashe shi kaɗai, ta ɗauko wanda ya fi kowa a cikinsa. Ta kuma san a direbobi akwai wani da ake kira Sarkin Barci, wanda a makara ya dame yayanta ya shanye.

Ta rubuta, idonta a kan layin direbobi kawai. Sarkin Barci ya fito. Yayanta ya tsira.

"Tura wa ofishin ma'aikata haka," in ji manaja. "Duk wanda ya fito ya fito, ko ɗana ne."

Ta tura da sauri, kada ya sake shawara.

Da ya fita, ta sauke ajiyar zuciya har da ƙwalla, sannan ta duba ƙasan allon kwamfutar. Ga sunanta a layin ƙarshe.

Tunda ta kama aiki ba ta taɓa makara ba. Amma kwamfuta ba ruwanta: sashen bayanai ita kaɗai ce a cikinsa, don haka ita ta fi kowa.