Sunan da ke Kan Fayilolin

"An hana izini," in ji kwamfuta, karo na tara.

Hamsatu ta zuba wa allon ido. Kwantena, manhajar da ke tace sunayen yaran Dogon Kiriya masu tamowa, ta kasa buɗe fayilolin, don suna ƙarƙashin sunan wani ma'aikaci. In jerin bai fita yau ba, motar abinci za ta tafi babu su.

Sabon shef ɗinta, shugaban ofis, ya leƙo. "Madam, umarni guda ne fa. Cire mai su, ki mallaka wa kwantena. Wane ne ma Abdul'aziz ɗin nan da sunansa ke kansu?"

Tun safe ta san gyaran. Ta rubuta umarnin. Aiki ya tashi, sunansa ya ɓace daga kowane fayil.

"Mijina ne," ta ce. "Jiya na fita takaba."