Ƙafar da Aka Ajiye wa Baƙi

Ƙusa ce ta soki Baba a tafin ƙafa, ga shi da ciwon suga. Ramin bai fi kan ashana ba, amma ya ƙi rufewa. Baba tela ne, da ƙafar nan yake taka keke. Ya ɗaure ta da ƙyalle, ya ci gaba da ɗinki.

Da ta fara kumbura, ɗansa Dogo mai walda ya kai shi ƙaramin asibitin unguwa. Nas ta wanke ciwon, ta daɗe tana dubawa.

"Ka kai shi babban asibiti a kwantar da shi," in ji ta. "Kafin nan ka riƙa kawo shi wanki kullum. Kada ka bari ta yi baƙi."

Dogo ya ce to. Ba shi da halin babban asibiti.

A bayan tasha akwai ofishin wata gidauniya. 'Ya'yan wani attajiri ne suka kafa ta bayan rasuwarsa. Suna biyan magani, suna biyan karatu, suna tallafa wa masu sana'ar gargajiya. Dogo ya bi layi, aka rubuta sunan Baba, aka ce za a turo masu duba marar lafiya. Ba a faɗa masa rana ba. Yana da tambayoyi a baki, amma ya haɗiye, kada a ce ya cika naci.

A shagon aski ya ba da labarin.

"Gida za su zo?" in ji mai aski. "To buɗe kunnenka, Dogo. Mutanen nan ido suke bi. Surukina ya yi wanka ya sa farar riga ranar da suka zo, suka ce ai garau yake, suka wuce. Kai kuma kana ta wanke ƙafa kamar za a kai ta gasa. In ta yi kyau, ka tashi a banza. In suka ji yana asibiti, su ce kana da hali."

"To in bar ta haka?"

"Ni ban ce ba. Ɗaga haɓa."

Daga ranar Dogo bai sake kai Baba wanki ba. Ya ce wa kansa na ɗan lokaci ne.

Yatsa ɗaya ya yi duhu, na kusa da shi ya bi. Aka rufe keken ɗinki da zani. Masu kaya suka riƙa zuwa suna karɓar yadinsu ba a ɗinka ba, suna yi wa Baba sannu daga bakin ƙofa. Taga a buɗe take wuni, amma warin ba ya fita.

Dogo ya daina zama a wurin aiki. Yana cikin walda sai ya ji kamar mota ta tsaya a layinsu, ya ajiye komai ya taho da gudu. Ƙarshe ya dawo zaman dakali, idonsa a kan titi.

"Dogo," in ji Baba daga ɗaki, "ƙafar nan tawa ce ko ta baƙinka?"

"Sun kusa, Baba."

"Ai ƙudaje sun riga su. Su ba sa jiran mota."

Yayar Dogo ta zo daga gidan mijinta. Tana shiga ta toshe hanci da mayafi, ta fito idonta jawur.

"Ka haukace ne? Zan sayar da firijina yau ɗin nan, a kai shi."

"Yaya, in muka kai shi yanzu, duk wahalar da ya sha ta tashi a banza. Kuma kuɗin firiji kwana nawa zai riƙe shi?"

"Ubanka kake ajiye wa mutane kamar kayan kallo!"

Dogo ya san gaskiyarta. Amma kullum ƙafar ta ƙara lalacewa, sai ya ga janyewa ta ƙara yi masa wuya. Ya kasa kai shi, ya kasa kallonsa.

Da wani hantsi farar mota ta tsaya. Likita ce ta fito, ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayin. Ta yi sallama, ta durƙusa, ta kwance ƙyallen da hannunta. Baba na ta rawar zazzaɓi.

"Me ya hana ka kai shi asibiti?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "An ce sai kun gani da idonku. An ce in yana asibiti ba za ku biya ba."

"Wa ya ce? Yawancin waɗanda muke biya wa, a gadon asibiti muke samunsu. Bayanin likita muke bi, malam. Ka tambayi wani a ofishinmu?"

Bai tambaya ba.

A motarsu aka ɗauki Baba. Gidauniya ta biya komai, gado da magani da aiki. Aikin shi ne yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Likitan da ya yi ya ce da an zo da wuri, da ko yatsa ba za a taɓa ba.

Da Baba ya farfaɗo, ya daɗe yana kallon inda zanin gado ya kwanta shafe. Sannan ya juyo.

"Dogo."

"Na'am, Baba."

"To, yanzu mun cancanta?"

Dogo ya riƙe ƙarfen gadon.

Jama'a, ciwo ba ya jiran tallafi. Ku kai marar lafiya asibiti da abin da ke hannunku, ku nemi taimako yana kan magani. Sharaɗin masu bayarwa kuwa, a bakinsu ake jinsa, ba a shagon aski ba.